Ƙarfe Ya Zauna, Amma Ina Ya Fuskanta?

Ƙannena masu koyon zanen injuna a kwamfuta, maza da mata, akwai wani ɗan lokaci da na san kowannenku ya ɗanɗani daɗinsa. Ka gama zana sassan injinka ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe fagen haɗawa, ka jawo wani ƙarfe ka danna fuskarsa, ka danna fuskar ɗan'uwansa, sai ka ga ya yi tsalle ya manne. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Hankalinka ya kwanta, ka wuce na gaba. To a kan wannan ɗan lokacin nake so mu tsaya, domin a nan ne na ga aikin mutane da yawa ya lalace ba tare da sun sani ba, kuma a nan nawa ya taɓa lalacewa.

Masu aiki da SolidWorks suna kiran abin met, masu Inventor su ce kwanstiren, masu Fusion su ce joyin. Ni zan kira shi ɗauri, don aikinsa ke nan: ka ɗaure wani sashe a jikin wani, ka hana shi motsin da ba ka so. Dabarar ta daɗe. Tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna manhajarsa Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, inda mutum zai ja layi biyu a karkace da alƙalamin haske, ya gaya wa kwamfuta yana so su tafi kafaɗa da kafaɗa, ita kuma ta miƙe su. Daga wancan lokaci zuwa FreeCAD 1.0 da ta fito a Nuwamban 2024 da nata fagen haɗawa, kyauta ga kowa, abu guda bai canza ba. Manhaja lissafi take warwarewa. Ka ba ta sharaɗi, ta nemo maka zaman da ya cika sharaɗin. Ba ta san inji kake ginawa ba, ba ta san akwai mai da zai gangara ƙasa ba, ba ta san akwai hannun mutum da zai shiga ya ɗaure noti ba. In zama biyu suka cika sharaɗinka, ɗaya daidai ɗaya a kife, duk ɗaya ne a wurinta.

Ina sabon hannu aka ba ni aikin zana ƙaramin injin markaɗe, irin wanda injin fetur ke juyawa da bel. Ba wani abu mai wuya ba ne: firam na ƙarfen angil, shaf mai kaurin milimita 25, boris biyu masu gida, sai fuli a ƙarshen shaf. Fulin yana da wuya a gefe ɗaya, kuma a jikin wuyan ne notin da ke danne shi a kan shaf yake. Na ɗaure cibiyar fuli da cibiyar shaf, na manna fuskarsa da kafaɗar shaf, ya zauna. Ban lura wuyan ya koma ciki, wajen boris, ba. Daga inda ramin bel ya faɗa a wannan zaman na auna inda injin fetur zai zauna, na fitar da zane, na kai wa wani dattijo mai walda. Ya yanka, ya huda, ya haɗa yadda takarda ta ce.

Ranar gwaji ya kira ni. "Injiniya, zo ka gani." Na tarar ya sa fulin wuyansa a waje, bel kuma ya tafi a karkace kamar wanda aka ja wa kunne. Ana tada inji sai ya yi ƙara ya fice.

Na ce, "Baba, ai a zane wuyan ciki yake kallo."

Ya ɗauki sifana ya miƙo mini. "Ɗana, juya shi ciki, ka ɗaure mini notin nan in gani."

Na juya. Gidan boris ya rufe wurin ruf, ko yatsa ba ya shiga balle sifana. Dattijon ya sa fulin ta hanya ɗaya tilo da mai hannu zai iya sa shi, ni kuwa na gina sauran injin a kan hanyar da ba ta yiwuwa. Sai da aka cike ramuka huɗu da walda, aka sake huda wasu, aka rasa yini guda, mai injin kuma yana jira. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun daga farko har ƙarshe kwamfutar ba ta nuna mini kuskure ko ɗaya ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Abin da na ce ta yi shi ta yi.

Kafin ku sake taɓa linzamin kwamfuta, ku samo kwalin ashana ku riƙe a iska. Yana iya tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Uku ke nan. Yana kuma iya juyawa ta hanya uku: ya kife ta gaba, ya mirgina ta gefe, ya kewaya kamar dutsen niƙa. Ƙofofin motsi shida ke nan, kuma duk wani abu mai tauri a duniya iyakarsa ke nan. Yanzu ku ajiye shi a ƙasan ɗaki. Ƙofa uku sun rufe lokaci guda: ba ya nutsewa, ba ya kifewa ta gaba, ba ya mirginawa ta gefe. Ku tura shi ya jingina da bango, biyu sun ƙara rufewa. Ku ja shi har kusurwa ya taɓa bango na biyu, ta ƙarshe ta rufe. Uku, biyu, ɗaya. Masu ƙera abin riƙe ƙarfe a masana'antu da wannan ƙirgen suke aiki tun kafin a san kwamfuta.

Ga inda maganar take. Kwalin nan yana da fuska shida, kowace in ta kwanta a ƙasa yana iya jingina ta hanya huɗu. Wato akwai zama 24 da kwalin zai yi a wannan kusurwar, kuma a kowanne ƙofofi shida a rufe suke. Ɗaya ne kaɗai alamar kamfani ke kallon sama kuma tana karantuwa daga inda kake tsaye. A kwamfuta ma abin ya fi haka, domin a can bango ba ya tare komai, ƙarfe yana ratsa ƙarfe kamar hayaƙi. Ko da ka ambaci fuskokin uku da sunansu, in dai abin da ka ce kawai shi ne su daidaita da ƙasa da bangaye biyu, akwai amsa huɗu. Uku daga ciki sun cusa kwalin a bayan bango ko ƙarƙashin daɓe. Saboda haka rufe ƙofofi abu ne daban, fuskantar alƙiblar da ta dace abu ne daban. Manhaja tana ƙirga maka na farko. SolidWorks tana sa 'yar alamar ragi a gaban sunan sashen da bai gama ɗauruwa ba, Inventor tana iya zana maka kibiyoyin motsin da ya rage. Na biyun kuwa babu mai duba maka shi sai kai.

Asirin juyewar a nan yake. Kowace fuska a cikin manhaja tana da wata ɓoyayyiyar kibiya da ke fita daga jikin ƙarfen zuwa waje. In ka haɗa fuska biyu, ko dai kibiyoyin su kalli juna gaba da gaba kamar masu gaisawa, ko su kalli wuri ɗaya kamar mutanen da suka tsaya a sahu. Na farko shi ne murfi a kan tukunya. Na biyu shi ne gefen murfin ya yi daidai da gefen tukunyar. Haka ɗaurin cibiya: ya ce layin tsakiyar fuli da na shaf su zama ɗaya, ya rufe ƙofa huɗu, ya bar zamewa da kewayawa, amma bai ce komai a kan wane kai ne zai fara shiga ba. Shi ya sa kowace manhaja take da maɓallin juyawa a cikin akwatin ɗauri. Ƙannena, kada ku danna amincewa sai kun kalli hoton gwajin da take nuna muku, kun kewaya shi ta baya. Daƙiƙa biyar ne.

Akwai kuma wata al'ada da nake roƙonku ku ɗauka tun yanzu. Kafin ku ɗaure sashe, ku juya shi da hannu ya zo kusa da yadda kuke so ya zauna. Yawanci manhaja tana zaɓar amsar da ta fi kusa da inda ta tarar da abin. In ka kawo shi a kife, a kife za ta manna maka shi. Sannan ku fara da ɗaurin da ya fi faɗin alƙibla, wato babbar fuskar zama, sai cibiya, sai a ƙarshe wanda zai hana kewayawa. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa. Fuli ya hau shaf, ya manne da kafaɗa, ƙofa biyar sun rufe, ga ido komai ya tsaya. Amma tsagin makullin da ke jikin fuli yana gabas, na shaf yana arewa. Gidan boris ya zauna, amma ɗan bakin zuba giris ɗinsa yana kallon bango, inda ba wanda zai kai gare shi har boris ɗin ya ƙone. Ba kowace ƙofa ce sai an rufe ba. Noti mai kewayawa a raminsa ba ya cutar da kowa, kuma shaf ɗin da aka yi don ya juya dole a bar shi ya juya. Abin da nake so shi ne duk ƙofar da ta rage a buɗe, ya zama kai ka bar ta da saninka.

Sashen farko da ka sa a fage shi ne turke, kuma kowa ya san in turke ya karkace akuya ba za ta tsaya daidai ba. Manhajoji da dama suna kafe sashen farko a inda ya faɗo. To a ina ya faɗo? In ka jefa shi a tsakiyar fili da linzami, a nan zai kafu, can gefe da cibiyar fagen, wani lokaci har a ɗan karkace, sai ranar fitar da zane ka ga kallon gaba ya zama kallon kusurwa. Ka ɗora cibiyarsa a kan cibiyar fagen, shimfiɗunsa uku a kan na fagen, sannan ka kafe. Ka kuma san wane layi ne sama a manhajarka. A SolidWorks layin Y ne ke kallon sama tun asali, a FreeCAD da Onshape layin Z ne, haka ma a injunan yankan ƙarfe masu aiki da kwamfuta da firintocin da ke gina abu hawa-hawa. Shi ya sa in ka sauko da zanen boris ko na famfo daga shafin wani kamfani sai ka gan shi kwance a gefensa. Ba lalacewa ya yi ba, a wani gida aka haife shi.

Sannan a jikin me kake ɗaurewa? Nan ma na ga kuka. Yaro ya ɗaure sashe a bakin wani gefe, bayan mako biyu ya koma ya daddaɗe gefen don kada ya yanki hannu, gefen ya ɓace, ɗaurin ya tsinke, sassa goma da ke bayansa suka watse. Masu FreeCAD sun daɗe suna fama da irin wannan, domin sunayen fuskoki a cikinta kan sauya in an gyara zane, kuma rage wannan ciwon yana cikin manyan abubuwan da fitowar 2024 ta kawo. Maganin tun ran gini tun ran zane ne. In sashe yana da tsakiya, ka zana shi tsakiyarsa na kan cibiya, yadda shimfiɗun asali za su raba shi biyu daidai. Waɗannan shimfiɗu ba sa ɓacewa komai gyaran da ka yi. Ka ɗaure da su. Kuma kada ka yi jerin gwano, na biyu a jikin na ɗaya, na uku a jikin na biyu, har na goma sha biyu. In na huɗu ya juye, duk na bayansa sun bi shi. Gara kowa ya riƙe firam kai tsaye, kamar yadda zai riƙe shi a zahiri.

Ɗaurin kusurwa yana da nasa halin, kuma ina so ku ji tsoronsa kaɗan. In ka ce mazurarin injin ya karkata digiri 30 daga firam, ai akwai 30 ta nan, akwai 30 ta can. Yau ya zauna ta inda kake so. Gobe ka ja wani sashe ko ka canza wani awo, manhaja ta sake lissafi, ya faɗa ɗaya gefen ba sallama. Inventor tana da zaɓin da za ka nuna mata layi na uku wanda zai faɗi ta ina juyawar take, ku neme shi ku yi amfani da shi. In manhajarku ba ta da irinsa, ku gina shimfiɗa mai karkatar digiri 30 a jikin firam ɗin kansa, ku manna mazurarin a kanta.

In kuwa jan rubutu ya fito, manhaja ta ce ɗauri ya yi yawa ko sun yi karo, kada ku yi abin da yawancin masu koyo ke yi, wato su goge na ƙarshen su kafe sashen da ƙarfi don a yi shiru. Kafewa ba ɗauri ba ne. Ranar da firam ya ƙara tsawo, kafaffen sashen zai tsaya a iska shi kaɗai. Ka tambayi kanka me ya sa suka yi karo. Sau da yawa gaskiya take gaya maka. Ka ɗaure rami biyu da rami biyu ta ƙi, ka auna sai ka tarar tazarar na sama milimita 95 ce, ta na ƙasa 96. Wannan milimita ɗayar da ta dame ka a kan kujera, ita ce za ta sa mai haɗawa ya ɗauki guduma.

Kada wani ya ce ai wannan kuskuren yara ne. A ranar 8 ga Satumban 2004 wani ƙaramin kumbon hukumar NASA mai suna Genesis ya dawo duniya ɗauke da ƙwayoyin iskar rana da ya yi shekaru yana tarawa. Jirage masu saukar ungulu suna jira a sararin hamadar Utah su cafke shi a iska bayan lemarsa ta buɗe. Lema ba ta buɗe ba. Ya daki ƙasa da gudun da ya haura kilomita 300 a awa. Masu bincike suka gano cewa 'yan na'urorin da za su ji raguwar gudu su ba da umarnin buɗe lema an sa su a kife, kuma ba mai haɗawa ne ya yi kuskure ba, a zanen haka suke. Gwajin da zai iya tona asirin ma ba a yi shi ba, aka wadatu da duba takarda. Shekara tara bayan haka, ranar 2 ga Yulin 2013, rokar Rasha samfurin Proton-M ta tashi daga Baikonur a Kazakistan da taurarin ɗan'adam uku na GLONASS, ta yi tangal-tangal, ta juya kai ƙasa, ta tarwatse kafin a cika minti ɗaya. A can kuma zanen daidai yake, amma an sa wasu na'urorin auna juyawa a kife, har aka ga alamun an tura su da ƙarfi. Ba ina cewa maɓallin ɗauri ne ya kayar da waɗannan ba. Ina nuna muku ne cewa abu yana iya zama a gurbinsa, notinsa a ɗaure tam, ya kuma kalli inda bai kamata ba, a hannun ƙwararrun da duniya ke ji da su.

To yaya za ka tabbatar? Ka kama kowane sashe da linzami ka ja. In ya motsa ta inda ba ka zata ba, akwai ƙofar da ka manta. Ka juya shaf ka ga ko fuli ya bi shi. Ka yanka haɗin gida biyu ka leƙa ciki, domin juyayyen sil da juyayyen boris daga waje lafiya lau suke. Ka sa manhaja ta binciko inda ƙarfe ya shiga cikin ƙarfe. Ka canza babban awo guda, ka ga ko komai ya bi a natse, sannan ka mayar. Bayan duk wannan, ka yi abin da babu maɓallinsa: ka haɗa injin a zuciyarka da hannu biyu da sifana. Me zai fara shiga? Ta ina hannu zai bi? In bel ya tsinke bayan wata shida, sai an kwance me da me? Ni tun ranar dattijon nan nake ajiye zanen sifana a cikin kayan aikina, in jawo shi in ɗora a kan kowane noti da nake shakka.

Ku kula da hagu da dama ma. Takalmin hagu, duk yadda ka juya shi, ba zai zama na dama ba. In ka yi ta fama da wani maƙali, ka manna fuska biyu ta ukun ta ƙi, ka juya wannan wancan ya kife, wataƙila ba ɗaurin ne da laifi ba. Abin da gurbin ke nema kishiyar sashen ne, irin wanda madubi ke nunawa, kuma wannan sashe ne na daban mai sunansa da lambarsa da zanensa. In ba ka raba su ba, mai lanƙwasa ƙarfe zai kawo maka na hagu guda biyu.

Mafi girman abin da nake fata ku kai gare shi shi ne ku daina dogaro da kulawar mai haɗawa gaba ɗaya. Ku ciro katin SIM daga wayarku ku duba. Kusurwa ɗaya a yanke take, don haka ko a duhu ba ya zama a gurbinsa sai ta hanya ɗaya. Injiniyan Japan Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da Toyota, shi ya yaɗa wannan tunani a shekarun 1960 da sunan poka-yoke: a ƙera abu yadda kuskure ba zai shiga ba. Ɗaya hanyar ita ce a yi shi yadda ko ta ina aka sa daidai ne, kamar bakin cajar USB-C. Masifa tana tsakanin biyun, wato abin da yake kama da ko ta ina zai shiga alhali ba haka ba ne. Duk lokacin da ka ga kanka kana danna maɓallin juyawa kana kokwanton wace fuska ce gaba, ka sani yaron shagon da zai riƙe ƙarfen a hannu zai fi ka kokwanto, kuma shi ba shi da maɓalli.

A injin markaɗe na biyu da na zana akwai wani murfi mai rami huɗu, wanda bakin fitar markaɗe dole ya kalli ƙasa. Da farko ramukan a jere suke daidai, murfin yana iya hawa ta hanya huɗu. Na matsar da rami ɗaya milimita shida gefe, a murfin da kuma a jikin injin. Ranar haɗawa ina tsaye, wani yaron dattijon ya ɗauki murfin ya kara, noti biyu suka shiga, biyu suka ƙi. Ya cire, ya juya, ya sake karawa, duka huɗun suka wuce. Bai tambayi kowa ba, ya miƙa hannu ya ɗauki sifana.